Dala Goma a Bakin Ƙofar Makaranta: Kayan Ƙwalama da Ƙibar Yara

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙofar makarantarmu lokacin da aka fito shan iska ya san abin da zan faɗa. Yara su fito a guje, kowa da dala biyar ko dala goma dunƙule a hannu, su kewaye masu tire. Wannan ya sayi alawa, wannan biskit, wancan ƙanƙara mai launi da ke mai da harshe ja ko shuɗi. Ni ma haka na tashi, kuma ban taɓa ganin wani abu a ciki ba sai bara da sanyi, lokacin da ƙanena mai shekara 7 ya kwana uku yana kukan haƙori. Da aka kai shi asibiti likita ya ce biyu sun ruɓe, ɗaya sai an cire. Ya tambayi Inna, "Hajiya, me yaron nan yake ci tsakanin kalacin safe da na rana?" Inna ta ce ita dai dala goma take ba shi. Ni da nake riƙe da hannunsa kullum mu tafi tare na san amsar, amma kunya ta hana ni magana.

Da na ba malaminmu na kimiyya labari, sai ya ce akwai ƙasashen da wannan magana ta kai har gwamnati ta sa baki, ya kawo misalin Ingila. Na bi diddigin zancen, ga abin da na fahimta.

Shawarar da gwamnatin Ingila ta bayar

A watan Janairu na 2018 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fito da wata shawara ga iyaye, cikin shirinta na wayar da kai mai suna Change4Life wanda aka soma tun 2009. Shawarar gajera ce: in za a saya wa yaro kayan ƙwalama na cikin leda ko kwali, a nemi wanda bai wuce kalori 100 ba, kuma kada ya wuce sau biyu a yini. Kayan itace da kayan lambu ba su cikin wannan ƙidaya, su ana son yaro ya yawaita ci.

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda lita take ma'aunin mai. Don ku gane girman kalori 100: ayaba ɗaya matsakaiciya tana wajen haka, dafaffen ƙwai ɗaya bai kai ba, amma gwangwanin lemu mai gas na santilita 33, irin baƙin nan, yana da wajen kalori 140 shi kaɗai.

Me ya sa suka yi haka? Hukumar ta ce rabin sukarin da yaran ƙasar ke sha daga kayan ƙwalama da lemun zaƙi yake fitowa. Ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya a shekara yana cin biskit kusan 400, yana shan gwangwani da ledar lemu fiye da 150, ban da alawa da cakulan da kek. A Ingila ana auna tsawo da nauyin yara a makaranta sau biyu, da shigarsu firamare suna shekara 4 zuwa 5, da kuma ajin ƙarshe suna 10 zuwa 11. Awon ya nuna wajen yaro 1 cikin 5 nauyinsa ya wuce ƙima tun da shigarsa, kafin fita kuma ya zama wajen 1 cikin 3. Ruɓewar haƙori kuwa ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke sa a kwantar da ƙananan ƴan firamare a asibiti.

Sun kuma ƙayyade sukarin da bai kamata a wuce ba a yini, suka ƙidaya shi da ƙwayar sukari irin wadda muke jefawa a shayi, kowace wajen giram 4. Ɗan shekara 4 zuwa 6, giram 19, wato ƙwaya 5. Ɗan 7 zuwa 10, giram 24, ƙwaya 6. Daga 11 zuwa sama har manya, giram 30, ƙwaya 7. To gwangwanin nan da na ambata yana ɗauke da wajen giram 35, kusan ƙwaya 9 ke nan. Kun ga gwangwani ɗaya ya wuce rabon babban mutum na yini guda, balle na ƙanena.

Wane sukari ake nufi?

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba a maganar zaƙin da ke cikin mangwaro ko kankana in an ci su yadda suke, ko wanda ke cikin nono. Ana maganar sukarin da aka zuba wa abinci ko abin sha, a masana'anta ne ko a gida, haɗe da zuma da ruwan kayan itace da aka matse. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi.

Bambancin shi ne, in ka ci lemun zaƙi ɗaya da ɓargonsa sai ka tauna, ciki ya ji an ci wani abu, sukarin kuma ya shiga jini sannu-sannu. In ruwan zaƙi ne, sai ya wuce zuruf, ciki bai ƙoshi ba, an jima kaɗan yunwa ta dawo. Ƙarfin da jiki bai yi aiki da shi ba kuwa ba ya ɓata, ajiye shi yake yi ya zama kitse. Yau kaɗan, gobe kaɗan, shekara biyar sai ka ga yaro ba ya iya gudu da abokansa sai haki.

Haƙori kuma nasa lissafin dabam ne. Akwai ƙwayoyin cuta a baki da ke cin ragowar sukari su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ke cinye bayan haƙori. Kowane lokaci aka sa zaƙi a baki sai wannan aiki ya tashi sabo. Shi ya sa yaron da ke tsotsar alawa ɗaya-ɗaya tun safe har la'asar ya fi cutuwa bisa wanda ya ci zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami ƙanena.

Ƙiba ita ma ba da ido ake yanke ta ba. Ma'aikatan lafiya suna auna nauyi da tsawo su gwada da shekarun yaro da jinsinsa. Abin tsoro a cikinta shi ne yaro mai ƙiba yawanci da ita yake girma, kuma tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 a duniya ne nauyinsu ya wuce ƙima, a 2022 ya zama kashi 20, sama da yara da matasa miliyan 390.

Shawara kaɗai ba ta isa ba

Ba kowa ne ya yaba wa shawarar kalori 100 ba. Masu kula da matasan da ke hana kansu abinci don tsoron ƙiba sun ce koya wa ƙaramin yaro ƙidayar kalori na iya sa masa fargabar abinci. Wasu suka ce ai kalori 100 na alawa da kalori 100 na gujiya ba ɗaya ba ne, ɗaya zaƙi ne zalla, ɗaya kuwa yana gina jiki. Ni a ganina suna da gaskiya. Awon makarantun Ingila ya kuma nuna ƙiba a unguwannin matalauta ta ninka ta unguwannin masu hali, domin kayan leda sun fi araha kuma sun fi kusa da hannu. Uwar da kuɗinta bai kai ba, faɗa mata abin da ya fi kyau ba ya ƙara mata ko sisi.

Don haka a Afrilun 2018 Birtaniya ta sa haraji a kan lemun da sukarinsa ya kai giram 5 cikin kowane mililita 100, wanda ya kai giram 8 kuma harajinsa ya fi tsada. Kamfanoni da dama suka rage sukarin don su kauce wa biya, har hukumar ta ba da rahoton cewa tsakanin 2015 da 2019 sukarin da ke cikin irin waɗannan lemuka ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Meziko ta riga su tun 2014. Chile a 2016 ta tilasta a buga baƙin tambari a gaban ledar duk abin da sukari, gishiri ko kitsensa ya yi yawa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta soma karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022, Gana ma ta sa nata harajin a 2023.

To mu ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, "Mu da ke fama da tamowa, ina mu ina maganar ƙiba?" Tambaya ce mai kyau. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma iyayenmu a nan Maraɗi ba su manta da 2005 ba. Babu mai hankalin da zai ce a rage wa yaron ƙauye abinci. Wannan ita ce babbar matsalarmu har gobe.

Amma abin da na gane shi ne matsalolin biyu na iya zama a gida ɗaya, har ma a jikin yaro ɗaya. Yaron da ya cika cikinsa da biskit da ruwan zaƙi ƙarfe goma, in ya koma gida sai ya ture tuwo da miyar kuka, ya ce ya ƙoshi. Ya sami sukari, bai sami abin da ke ƙara jini da gina ƙashi ba. Yana iya yin ɓul-ɓul alhali jininsa bai cika ba. Mu kuma a al'adarmu in yaro ya yi kumatu sai a ce, "Masha Allah, yana samun hutu." Har akwai ƴan mata sa'o'inmu masu shan ƙwayoyi don su yi jiki, abin da ke da haɗari ƙwarai. Sannan ku duba gidajenmu na birni, gida nawa ne babu dattijo ko dattijuwa mai ciwon sukari ko hawan jini? A namu gidan kakata ce, kullum da magani, shayi ma sai lami.

Kuma kada mu ɗauka lemun kwalba ne kaɗai. Zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a leda, da ƙanƙara, da shayin da muke dafawa zagaye uku, da furar da ake zuba wa sukari da ludayi, duk lissafi ɗaya ne. Ba su da takarda a jiki da za ta faɗa maka giram nawa ke ciki, sai dai ka tsaya ka ga lokacin da ake zubawa.

Abin da za mu iya yi

Ba mu da ma'aunin kalori a aljihu, kuma ba ma bukatarsa. Abin da za mu ɗauka daga shawarar Ingila shi ne ƙayyade yawa da zaɓen iri. Kayan leda su zama na wani lokaci, in an ci a ci tare da abinci, ba a wuni ana tsotsa ba. Da dala goman nan ana samun gujiya, ƙuli-ƙuli, aya, awara, dafaffen dankali, goruba, magarya, ko mangwaro da gwaiba in lokacinsu ya yi. Sai dai ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada a ba shi gujiya ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi, a daka masa. Ƙosai da fanke suna riƙe ciki, amma soyayyen abu ne, shi ma da iyaka. Abin sha kuwa, ruwa mai tsabta ya wadatar.

Iyayenmu, don Allah a riƙa ba yaro kalacin safe kafin ya fito, ko koko ne da ƙosai, domin mai yunwa duk abin da ya gani saye yake. A riƙa tambayarsa me ya saya da kuɗin. A sa ido ga wanke baki safe da dare, musamman na dare kafin barci. A bar yara su yi wasa da guje-guje, Hukumar Lafiya ta Duniya tana son ɗan shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 a yini, wayar hannu kuwa tana cinye wannan lokaci.

Iyayenmu mata masu tire a bakin ƙofa, ban rubuta wannan don a kore ku ba, da wannan sana'a kuke ciyar da gidajenku kuma kun sha ba mu bashi. Roƙona a rage hannu wajen zuba sukari da kala, a ƙaro kayan itace a kan tire. Malamanmu kuma in da hali su zauna da su a yi shawara.

Mu manyan ɗalibai namu ya fi sauƙi, domin mu ƙannenmu ke kallo. Kada kuma wani ya karanta wannan ya je yana tsokanar ɗan uwansa mai jiki, ko wata ta daina cin abinci. Wanda ke da damuwa a kan nauyinsa ya je wurin ma'aikatan lafiya su auna shi.

Ni da ƙanena mun yi yarjejeniya: ranar Alhamis kaɗai yake sayen alawa, sauran kwanaki gujiya ko abin da ke yayi. Satin farko ya yi fushi da ni har ya ƙi riƙe mini hannu. Yanzu ya saba, ko da yake na kama shi sau biyu da harshe shuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda na yi kuskure malamaina su gyara mini.