Ciwon Dasashi: Asibitin Gwamnati ko na Kuɗi?

Yawanci da asuba ake fara ganin alamar, wajen alwala. Mutum ya goga asuwaki ko buroshi, ya tofar, sai ya ga ja-ja a cikin yawun. Da yake babu zafi, sai ya ɗora laifin a kan taurin asuwakin, ya kurkure baki ya wuce masallaci. A haka za a kwashe shekaru. Sai ranar da haƙorin gaba ya fara girgiɗi, ko uwargida ta yi ta maza ta gaya masa cewa bakinsa na tashi, sannan hankali ya dawo, a shiga tambayar inda za a dosa: asibitin gwamnati ko na kuɗi?

Masu wannan tambaya suna da yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar baki ya nuna cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, suna fama da ciwon dasashi mai tsanani. Yana kuma cikin manyan abubuwan da ke zubar wa manya haƙora, har da haƙoran da ko ɗigon rami babu a jikinsu.

Kafin a zaɓi asibiti, ya kamata a san abin da za a je nema. Ciwon yana farawa ne daga wani farin datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, wanda ke taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ba a goge shi ba, sai ya daskare ya zama kamar dutse, wanda babu buroshin da zai iya ɓamɓare shi. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. A wannan mataki ana warkewa sarai: a wanke haƙoran a asibiti, a gyara yadda ake goge baki, shi ke nan. Amma in aka bari, sai dasashin ya saki haƙorin, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin cutar su gangara ciki, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya fara cinyewa, kamar yadda ruwan damina ke cin gindin katangar ƙasa tana tsaye ana ganin ta lafiya lau. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Abin da likita zai iya shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Akwai wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo a jiki, wanda likita ke zurawa a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana faɗar lamba, mataimakinsa yana rubutawa. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 zuwa sama akwai magana, in kuwa ya kai 6 ko ya zarce, ciwon ya yi nisa. Haƙori bayan haƙori ake bi, kowanne ta ɓangarori da dama, sannan a ɗauki hoto a ga inda ƙashi ya tsaya. Wannan awon shi ne ma'aunin asibitin kirki. Duk inda aka kwantar da mai ciwon dasashi, aka kunna injin wanki, aka goge haƙora suka yi fari, aka sallame shi ba tare da an auna ko aljihu ɗaya ba, to kwalliya aka yi masa, ko da kuwa ɗakin na da na'urar sanyaya iska da talabijin a bango.

A nan asibitocin koyarwa na gwamnati suke da rinjaye. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana aiki tare da tsangayar koyar da likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero, haka ma Jami'ar Maiduguri na da tata tsangayar. A irin waɗannan wurare ne aka fi samun ƙwararrun da dasashi kaɗai suka sa gaba, waɗanda ke iya kankare saiwar haƙori can ƙarƙashin dasashi bayan an yi allurar kashe zafi, ko su yi 'yar tiyata su ɗaga dasashin in aljihun ya yi zurfi. Ɗalibai da likitoci masu neman ƙwarewa su ke yin mafi yawan aikin, amma a ƙarƙashin idon manyansu, kuma ɗalibi da ake duba aikinsa ba ya tsallake awo. Kuɗin ma ya fi sauƙi.

Akwai wata fa'idar da ba a cika lura da ita ba. Ciwon dasashi da ciwon suga abokan tafiya ne: suga in ya hau yana ƙara lalata dasashi, dasashi mai ciwo kuma yana wahalar da daidaita sugan. Wasu magungunan hawan jini da ake yawan rubutawa, irin su amlodipine da nifedipine, da kuma phenytoin na farfaɗiya, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. A babban asibiti, ɗakin gwajin jini da likitan suga duk suna cikin harabar, fayil ɗaya ne ke zagayawa.

Sai dai wanda ya taɓa zuwa ya san sauran labarin. Sammako, layin yankar kati, layin biyan kuɗi, sannan a ba shi ranar dawowa bayan makonni. Kujerun aikin ba su kai yawan jama'a ba. Ga yajin aiki: na likitoci masu neman ƙwarewa a 2021 ya ɗauki kusan wata biyu. Ga ɗan kasuwar Kwari ko mai tura baro, wuni guda a layi kuɗin cefane ne ya tafi, ga shi maganin ciwon dasashi ba zuwa ɗaya ba ne. Sau da yawa ana raba bakin gida huɗu, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a sake awo bayan wasu makonni, sannan a ci gaba da zuwa duk wata uku zuwa shida har iyakar rayuwa. Mutane da dama a zuwa na biyu suke gajiya.

Wannan gajiyar ita asibitin kuɗi ke magancewa. A kira waya a sa lokaci, wasu har da yamma ko ranar Asabar, likita ɗaya ne zai riƙa ganin mutum ya san bakinsa. Ga ciwon da ke buƙatar dawowa akai-akai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma aljihu zai ji a jikinsa, domin kusan duk kayan aikin haƙori daga waje ake shigo da su, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ba kowane asibitin kuɗi ne ke da ƙwararren dasashi ba, kuma akwai waɗanda suka fi saurin tallata hasken haƙori da haƙorin roba fiye da kankare saiwa, aikin da ke cin lokaci kuma ba ya ɗaukar ido. Haƙorin Makka ma, in bai zauna daidai ba, gefensa matattarar datti ce.

Mai inshorar lafiya ya bincika tukuna. Tsarin ƙasa, wanda dokar 2022 ta mayar da shi ƙarƙashin hukumar NHIA, yana ɗaukar wasu ƙananan ayyukan haƙori in an bi ta asibitin da mutum ya yi rajista aka ba shi takardar turawa, amma ba ya biyan dashen haƙori ko ƙara masa haske. Ma'aikatan jihar Kano kuwa sai su tambayi hukumar KSCHMA abin da ke cikin nasu tsarin.

Gaskiyar magana, yawancin mutane ba ɗaya daga cikin biyun suke fara zuwa ba. Kemis ake fara shiga a karɓo Flagyl da maganin kurkure baki, kumburi ya lafa kwana biyu, dutsen nan kuwa yana nan daram. In abin ya ƙi, sai wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa, da ƙarfen da ya fito daga bakin wani bai ga tukunyar turara kayan aiki ba, hanya mai sauƙi ta ɗaukar ciwon hanta. Likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da hukumar MDCN, masu wankin haƙori da aka horar su ma suna da tasu hukumar rajista, kuma babu laifi majiyyaci ya nemi ganin lasisi.

Ga yara ƙanana kuwa babu jira. Cutar noma, mai cinye fuska, daga kumburin dasashi take farawa, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa. Asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kyauta yake kula da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023.

To ina za a nufa? Wanda jini kawai yake gani, haƙoransa ba sa motsi, ya je wuri mafi kusa mai rajista wanda zai iya komawa ba tare da wahala ba, na gwamnati ne ko na kuɗi. Wanda haƙoransa ke girgiɗi, ko mugunya ke fita, ko yake da suga, ko yake shan taba, wadda ke ɓoye jinin ta kuma hana warkewa, gara ya daure wa layin babban asibiti a auna shi, a yi masa aikin farko. Bayan nan ya nemi a rubuta masa sakamakon awon da hoton haƙoransa, ya kai su asibitin da ke kusa da shi don wankin bayan wata uku ko shida. Mai karatu, in ka je, kafin a kunna inji ka tambayi likita zurfin aljihunan dasashinka da ranar da za ka dawo a sake aunawa.