Hoton bayan shafin intanet: Adon da ka iya hana manomin Kunci karanta saƙonka

Galibi idan ɗan kasuwa ko wata ma'aikata za su buɗe shafin intanet, sukan nemi a shimfiɗa ƙaton hoto a bayan rubutu, ko na shago, ko na tarin buhunan hatsi, ko na ginin ofis. A kwamfutar mai tsarawa a birnin Kano abin yakan burge, amma a wayar manomin Kunci da ke neman farashin taki ko sanarwar gwamnati, labarin yakan sha bamban.

Da CSS ake sarrafa launi da hoton bango da fasalin rubutu. Håkon Wium Lie ne ya fara gabatar da shi a 1994, ƙungiyar W3C kuma ta amince da shi a 1996. Amfaninsa shi ne raba ado da saƙo, ta yadda za a iya sauya kamannin shafi ba tare da taɓa abin da aka rubuta ba.

Matsala ta farko ita ce nauyi. Hoto mai megabayit 3 zai ɗauki kimanin minti 2 kafin ya gama sauka inda saurin sabis bai wuce kilobit 200 a daƙiƙa ba, kuma datar mai karatu yake ci. Maganin wannan shi ne a rage girmansa, a adana shi a tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, sannan a umarci CSS kada ya ɗora babban hoton sai a manyan allunan kwamfuta.

Ta biyu ita ce launi. Idan an yi farin rubutu a kan hoto mai duhu, hoton kuma ya ƙi buɗewa, sai farin rubutu ya faɗa kan farin bango, saƙon ya ɓace gaba ɗaya. Saboda haka wajibi ne a sanya launin bango mai duhu a ƙarƙashin hoton domin ya maye gurbinsa. Ƙa'idojin WCAG na 2008 sun buƙaci bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, abin da ke da matuƙar amfani ga mai duba waya a gona da tsakar rana.

Ta uku, kada a rubuta farashi ko lambar waya ko ranar rufe rajista a jikin hoton bango. Manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba ta ganinsa, Google ma ba ya ɗaukarsa a matsayin rubutu. Haka nan a zaɓi salon haruffa irin su Noto mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, domin kada “ƙasa” ta koma “kasa”.

Dillalin kasuwar Dawanau da ke hulɗa da manoman karkara, da jami'in da ke wallafa sanarwa, duk suna da hanyar gwaji mai sauƙi kafin su biya mai tsara shafi: su buɗe shi a ƙaramar wayar Itel ko Tecno, a waje cikin rana, bayan sun kashe hotuna. Idan farashi da adireshi da lambar waya suna karantuwa, aiki ya yi kyau. Idan kuwa ba sa karantuwa, a mayar masa ya gyara.