Shirwa da 'Yan Tsakinmu

'Yan'uwa manoma, duk mai kiwon kaji a ƙasar Gwarzo da Kabo ya san ɓarnar shirwa. Kaza ta ƙyanƙyashe goma, kafin wata guda sai ka ƙirga huɗu.

Ba ta da wuyar ganewa. Launinta ƙasa-ƙasa ne, bakinta rawaya, wutsiyarta a rabe kamar ta kifi, da ita take juyawa a sama. In ta buɗe fikafikai sun kai mita ɗaya da rabi. Tana sheƙa a kan rimi ko giginya, da ƙirare da tsummoki, ta yi ƙwai 2 ko 3. Za ka same ta a mahauta, da kasuwa, da bakin dam ɗin Guzuguzu, da duk inda aka sa wa daji wuta.

Amma ni ban yarda a sa mata guba ba. Fara da ɓeraye da mushe su ne yawancin abincinta, gubar kuwa har ungulu da karnuka take kashewa. A kife 'yan tsaki cikin akurki ko babban kwando har mako 6, a ba su tsaki da ruwa a ciki. In za a sake su, a sake su ƙarƙashin rumbu.