Ziyarar Neman Bayani: Sanin Aiki Daga Bakin Masu Yin Sa

Matasa da yawa suna zaɓar aikin da za su shekara talatin a kansa ba tare da sun taɓa zama da mai yin sa ko na rabin awa ba. Yaro ya ga lauya cikin baƙar riga, ko ma'aikacin banki cikin mota mai sanyi, sai ya ce shi ke nan, ya sami abin yi. Bai ga tulin takardun da lauyan yake kwana a kansu ba, bai kuma ji labarin kuɗin ajiyar da aka ɗora wa ɗan bankin ya nemo kafin ƙarshen wata ba. Ziyarar neman bayani ita ce ka sami wanda yake cikin aikin da kake sha'awa, ka roƙi ɗan lokacinsa, ka tambaye shi yadda aikin yake daga ciki. A intabiyu kai ake yi wa tambaya, kuma akwai gurbi a gaba. A nan kuwa kai ne mai tambaya, kuma babu maganar gurbi sam.

Wanda ya yayata wannan dabara shi ne Richard Bolles, wani limamin coci a Amurka da ya rasa aikinsa, daga baya ya koma taimaka wa 'yan'uwansa limamai da su ma aiki yake suɓuce musu. A 1970 ya buga ɗan littafinsa What Color Is Your Parachute? da kansa, aka ci gaba da sabunta shi kusan kowace shekara har ya rasu a 2017, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 10. Hujjarsa ita ce, guraben aiki masu yawa ana cike su tun kafin a tallata su, saboda haka mai jiran sanarwa a jarida ya riga ya makara.

A daidai wannan lokaci wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, yana bincike a garin Newton kusa da Boston. Ya bi diddigin mutum 282, ƙwararru da manajoji da suka sauya aiki, ya gano kashi 56 cikin ɗari ta hannun wani da suka sani suka samu. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Abin mamakin yana gaba: cikin waɗanda ya bincika sosai, kusan kashi 17 ne kawai suka ce mutumin da ya ba su labarin aikin suna haɗuwa da shi a kai a kai. Sauran duk sanin shanu ne, tsohon abokin karatu ko wanda aka taɓa aiki tare, ana gamuwa jefi-jefi. Dalilin a fili yake. Aminanka na majalisa abin da ka ji shi suka ji, inda kake zuwa nan suke zuwa. Wanda yake nesa da kai shi ne yake shiga ɗakunan da ba ka shiga. Granovetter ya buga wannan a 1973. A 2022 mujallar Science ta fitar da wani bincike da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn sama da miliyan 20 na tsawon shekara biyar, ya kuma ƙarfafa maganar, sai dai ya nuna cewa sanin da ya fi amfani shi ne na tsaka-tsaki, ba amini ba kuma ba baƙo ɗungurungum ba.

A ƙasar Hausa wahalar tana wani wuri dabam. Ziyara da gaisuwa ba baƙin abu ba ne a wurinmu, amma duk babban ma'aikacin da ya ga matashi ya yi sallama da fayil a hammata ya riga ya san ƙarshen zancen: a taimaka a saka shi a wani wuri. Ya gaji da wannan, domin sau da yawa ba shi da ikon, kuma cewa a'a tana da nauyi. Shi ya sa yake ɓuya, ko ya ce a dawo bayan Sallah. Don haka abu na farko shi ne ka cire masa wannan fargabar tun a saƙon farko. Misali: "Ranka ya daɗe, Malam wane ne ya ba ni lambarka. Na gama karatun harhaɗa magunguna, ina bautar ƙasa. Ba aiki na zo nema ba, so nake in ji yadda aikinku yake kafin in yanke shawara. Ko minti ashirin ne ya ishe ni, a duk lokacin da ya yi maka." Mutum kaɗan ne zai ƙi wannan, don an girmama saninsa kuma ba a ɗora masa nauyi ba.

Idan an zauna, bayan gaisuwa kada a ɓata lokaci a kan abin da intanet za ta faɗa maka cikin minti ɗaya. Tambayi abin da sai na ciki ya sani. Yaya ranar aikinsa take daga safe zuwa tashi? Mene ne ya fi gajiyar da shi? Waɗanda suka shigo tare da shi suka bari, me ya kore su? Wace ƙwarewa ce ake nema wadda ba a koyarwa a jami'a? Maganar kuɗi tana buƙatar dabara: kada ka tambayi albashinsa, tambayi abin da sabon shiga yake samu. A ganina tambayar waɗanda suka bari ta fi kowacce amfani, domin mutum yakan yi wa aikinsa kwalliya idan yana maganar kansa, amma ya faɗi gaskiya idan yana ba da labarin wasu. Kafin ka tashi kuma ka ce, "Akwai wani da kake ganin ya kamata in gani?" Da wannan tambaya ce ziyara ɗaya take haifar da ta biyu, har ka kai ga mutanen da babu mai saninsu a zuriyarku.

Abin bai tsaya a ofis ba. Mai son shiga harkar atamfa zai ƙaru da zama da ɗan kasuwar Kantin Kwari kafin ya zuba jarinsa, haka mai son noman rani ko gyaran waya. Ga 'ya mace, ya fi kyau a yi ganawar a wurin aiki da rana, ko ta waya, kuma ta nemi matan da suka riga ta shiga fagen, don akwai abin da su kaɗai za su faɗa mata.

Kuskuren da yake lalata komai shi ne a zaro takardu a ƙarshe a ce, "To Yallaɓai, ko da wani abu zai samu." Ka karya alƙawarinka, ka kuma toshe ƙofa ga wanda zai zo bayanka. Idan ya ga ka dace, da kansa zai nemi takardun. Naka shi ne ka tashi idan lokacin ya cika, ka aika saƙon godiya washegari, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka sanar da shi abin da ka yi da shawararsa.

Ziyarar ba ta ba da tabbacin aiki, kuma ɗan babban gida zai fi ɗan talaka saurin samun wanda zai saurare shi. Amma ɗan talaka ma yana da malaman da suka koyar da shi, da tsofaffin ɗaliban makarantarsu, da waɗanda ya sani a wurin koyon aiki ko sansanin bautar ƙasa. Ka rubuta sunayen uku daga cikinsu, ka tura wa na farko saƙo a wannan makon.