Daidaito a jawaban shugabanni: Abin da tarihin Tirmini ke tunatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya ratsa Tirmini, garin da ke yamma da birnin Zinder. A nan ne, a ƙarshen watan Yulin 1899, sojojin Faransa suka ci galabar rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, sannan suka shiga birnin.

Waɗanda suka ci yaƙin sun fito ne daga ƙasar da ta sanya daidaito a cikin takenta, kuma shugabanninta ba sa gajiya da ambatonsa. Amma abin da talakan Damagaram ya gani shi ne haraji da aikin tilas, da dokar da ta bai wa kwamandan Bature ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba. Sai a 1946, bayan shekara 47, aka soke aikin tilas da wannan doka.

Da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, kalmar ta koma bakin 'yan ƙasa. An ji ta a babban taron ƙasa na 1991, an ji ta a kamfe, har kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi cewa 'yan Nijar duka daidai suke a haƙƙi da nauyi.

Sai dai inda aka ga canji shi ne inda magana ta zama doka mai adadi. A zaɓen 1999, mace ɗaya ce kacal a cikin 'yan majalisa 83. A 2000 aka kafa dokar da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, sai ga mata 14 cikin 113 a 2004. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25.

Haka batun bauta. An mayar da ita laifi a 2003, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta umarci gwamnati ta biya Hadijatou Mani diyyar sefa miliyan 10 saboda gazawa wajen kare ta.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka jingine kundin 2010, a 2025 kuma aka rusa jam'iyyu. Jawaban yanzu sun fi karkata ga mutuncin Nijar a gaban manyan ƙasashe, batun da ke da tushe a wuri irin Tirmini. Amma daidaito tsakanin ƙasashe ba ya maye gurbin daidaito tsakanin ɗan ƙauye da ɗan Yamai.

Matashin da ke sauraron jawabi, a Zinder yake ko a Kano ko a Libiya, yana da tambayoyi uku: wace doka, nawa aka ware, kuma wa zai amsa idan ba a cika ba?