Gambarar zamani a Tasawa da Mayahi: Basira ko kasuwa, wa ke biyan mawaƙi?

A fadojin samari na Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi, inda ake dafa shayi ana jin waƙa a salula har dare ya raba, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a kan waƙoƙin hip hop, waɗanda ake kira gambarar zamani. Wane ne gwani? Wanda ya iya ƙulla zance mai ma'ana, ko wanda waƙarsa ta cika gidajen biki da TikTok?

Masu goyon bayan basira na cewa gambara ta lalace, an bar faɗakarwa an koma rawa da kirarin kuɗi. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa yabo ba ya sayen tiyar gero, kuma waƙar da ba a saurare ta ba tamkar ba a yi ta ba ce.

Gardamar ta girmi yawancin masu yin ta. A Amurka, inda aka haifi hip hop a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, mawaƙi Nas ya fitar da kundi a 2006 mai suna "Hip Hop Is Dead", yana kukan cewa kasuwa ta kashe sana'ar. A 2018 kuma Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer da kundin "DAMN.", wanda ya yi kasuwa sosai. Ke nan a can an ga mutum ɗaya ya haɗa biyun.

Gadon Yamai da Kano

Matashin Tasawa ko Mayahi na shan gambara ta rijiyoyi biyu. Ta farko ita ce Yamai, inda rap ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1990 a hannun ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, da mata irin su Zara Moussa da ake kira ZM. Sun yi suna ne da waƙoƙi kan talauci, cin hanci, rashin aikin yi da haƙƙin mata, cikin Hausa, Zabarmanci da Faransanci.

Ta biyu ita ce arewacin Najeriya. A Kano, Nazir Ahmed Hausawa, wato Ziriums, ya yi "Girgiza Kai" yana sukar takurar da ake wa masu fasaha, waƙar kuma ta shiga jerin waƙoƙi 11 da wata kotu ta haramta a 2009. Bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shiryen Nomiiss Gee sun kai mawaƙa irin su ClassiQ, Morell da DJ AB cikin gidaje a ɓangarorin iyakar biyu. DJ AB ya nuna cewa gambarar Hausa mai barkwanci da daɗin rawa na iya shiga babbar kasuwa, har ya yi waƙa da Mr Eazi a 2021.

To, wa matashi zai bi, Ziriums ko DJ AB? Kafin a amsa, sai a duba inda kuɗin yake.

Ina kuɗin yake?

A garuruwa irin Tasawa da Mayahi, waƙa na yawo ne daga waya zuwa waya, ta Bluetooth, Xender da WhatsApp, ko ta wajen masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa da tasha. Mai turawa na samun na cefane, mai cajin waya na samu, kamfanin sadarwa na samu. Mawaƙin da ya biya kuɗin sutudiyo shi ne ba ya ganin ko dala. Nijar na da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma babu yadda za ta ƙirga waƙar da aka tura a asirce tsakanin wayoyi biyu. Manhajoji irin su Audiomack, Boomplay da Spotify suna nan, sai dai tsadar data ta sa mutane sun fi son saukar da waƙa sau ɗaya su ajiye.

Saboda haka, abin da ake kira kasuwa a nan mutane ne ƙalilan: mai biki, ɗan kasuwa mai son talla, ɗan siyasa, da ƙungiyoyin agaji masu neman waƙar faɗakarwa kan rigakafi, auren wuri ko karatun 'ya'ya mata. Kowannensu na zuwa da sharaɗinsa. Mai biki na son a ambaci amarya da danginta. Ƙungiya na son a jera saƙonta yadda ta rubuta shi. Waƙar faɗakarwar da aka yi don kwangila kan fito lami, kamar yadda ta biki kan fito lami.

Ko waɗannan ƙofofin ma suna raguwa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyun siyasa a Nijar, aka kuma rusa su a Maris na 2025, don haka babu waƙar kamfe.

Darasin makaɗan da

Waƙa don kuɗi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Narambaɗa makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa ne. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar dambe. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna, attajirai da direbobi waƙa, an ba shi riguna da motoci. Duk an biya su, amma har yau ana nazarin kalmominsu a jami'o'i. Sun karɓi kyauta ba tare da sun sassauta wa harshensu ba, domin masu sauraronsu ba sa yafe wa makaɗin da ya yi kasala.

Wannan ne ya dawo da maganar kan masu gardamar kansu. Wanda ke kukan an daina waƙa mai ma'ana, yaushe rabon da ya biya kuɗin shiga wasan wani matashin garinsu? Mawaƙi na bin inda ake biyansa ne, kuma in mai biki kaɗai ke biya, waƙar biki za a yi ta ji.

'Yan ci-rani da ke Kano, Legas, Abijan, Aljeriya, Libiya ko Turai na da rawar takawa a nan. Da yawansu sun fi na gida samun intanet mai sauƙi. Suna iya sauraron mawaƙan yankinsu a shafukansu na ainihi maimakon kwafin da aka tura, suna kuma iya haɗa kuɗin sutudiyo su aika, kamar yadda suke aiko da na taki da na Sallah. Su ma mawaƙan, yin rajistar ayyukansu da BNDA da buɗe shafi da sunansu shi ne matakin farko. Ranar da waƙa mai nauyi ta fara biyan kuɗin sutudiyonta a Tasawa ko Mayahi, masu yin irinta za su ƙaru.