Mujiya a Gareji

Wata safiya cikin hunturu maƙwabcina ya aiko ɗansa da gudu, wai in zo maza, wani abu ya shiga garejinsu. Na tarar da yaran unguwa sun yi cincirindo a bakin ƙofa, kowa da danƙonsa a hannu. Can bisa katakon rufi wata mujiya ta takure, ta lumshe idanu. Maigidan ya ce, "Dakta, uwargida ta ce ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba sai an kashe tsuntsuwar nan. Ba ka ji irin kukan da ta yi daren jiya ba?"

Na roƙe shi ya sallami yaran, sa'an nan na tambaye shi abin da yake ajiyewa a garejin ban da mota. Buhunan masara ne da gero. A ƙasa, daidai inda take zaune, na ga waɗansu baƙaƙen curi kamar ɗan yatsa. Na sa safar hannu na farfasa guda biyu, sai ga gashi da ƙasusuwa da ƙoƙon kan ɓera. Mujiya takan haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, daga baya ta amayar da abin da cikinta bai narkar ba. Ashe hatsi ne ya gayyato ɓeraye, ɓeraye kuwa suka gayyato mujiya.

Wannan irin mai farar fuska ita masana ke kira Tyto alba, kuma ana samunta a kusan duk nahiyoyin duniya. Faffaɗar fuskar nan da ke ba mutane tsoro aikinta tattara sauti zuwa kunnuwa, kamar yadda mutum kan sa tafin hannu a bayan kunnensa. Kunnuwan kuma ba su daidaita ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, don haka takan gane ko motsi daga sama ya fito ko daga ƙasa. A shekarar 1971 wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya wallafa bincikensa da ya nuna tana iya cafke ɓera a ɗaki mai duhu ƙirin, da ji kawai. Gefen gashin fikafikanta yana da laushi, shi ya sa ba a jin tashinta. Babbar mujiya takan ci ɓera uku ko huɗu a dare guda.

Wannan ba ƙaramin alheri ba ne a ƙasarmu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno a yau, yana kama mutane ne ta fitsari da kashin wani ɓera mai nonuwa da yawa, mai son rumbu da ɗakin ajiya. A Malesiya manoman kwakwar manja har akwatuna suke kafa wa mujiya a gonaki don ta zauna ta yi musu gadi. A ganina, wanda ya kashe mujiya ya bar ɓeraye a kan hatsinsa ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo.

Duk da haka gareji ba wurin zamanta ba ne, kuma kashinta yana ɓata fentin mota. To, yaya za a fitar da ita?

Da farko a haska lunguna a duba ko akwai ƙwai ko 'ya'ya. Ba ta saƙa sheƙa, a kan dandamali take zuba ƙwanta. In akwai su, sai haƙuri: kwancin ƙwai yakan ɗauki kimanin kwana 30, 'ya'yan kuma sai sun yi wata biyu kafin su tashi. In aka toshe wa uwar hanya, yunwa za ta kashe su a cikin rufi, warin kuwa maigida zai sha shi.

In babu, kada a kore ta da rana. Kowa ya san tsanar da tsuntsaye ke yi wa mujiya. Da ta fito, hankaki da sauransu za su yi mata taron dangi. A jira magariba, a buɗe babbar ƙofa gaba ɗaya, a kashe fitila, a rufe gilashin taga da buhu don kada ta ɗauka hanya ce ta yi karo da shi. Sa'an nan kowa ya kauce. Sau da yawa iyakar abin da ake bukata ke nan. Idan ta ji rauni ba ta iya tashi, babban mutum ya lulluɓe ta da bargo mai kauri, ya riƙe ƙafafun ta cikin bargon, domin faratanta sun fi bakinta haɗari, ya sa ta a kwali mai huji, ya nemi likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji.

Bayan ta fita a toshe kafar da ta shigo da ragar waya, a juye hatsi a durom mai murfi, a yayyafa ruwa mai bilic kafin a share kashin ɓera, don kada a shaƙi ƙurarsa. Tarko ya fi guba, gama ɓeran da ya ci guba yakan ɗauki kwanaki yana tangaɗi, mujiya ko kyanwar gida ta cinye shi, ita ma ta mutu.

Tamu mujiyar ta fita jim kaɗan bayan sallar magariba, ta bi ta saman kanmu ba ko motsi, ta nufi bishiyoyin maina na bayan unguwa. Uwargida tana leƙe ta taga. A makon nan tarkunan da maigidan ya ɗana a bayan buhuna suka kama ɓeraye tara.